Henry Draper: Likitan da ya fara ɗaukar hoton gajimaren taurari

An haifi Henry Draper a ranar 7 ga watan Maris na 1837, a jihar Virginia ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa, John William Draper, malamin kimiyya ne a Jami'ar New York, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoton wata, a shekarar 1840.

Henry ya kammala karatun likita yana ɗan shekara 20, amma doka ba ta yarda a ba shi shaidar digiri ba sai ya ƙara shekara guda. A wannan tsakani ne ya ziyarci ƙasar Ireland, inda ya ga katafariyar na'urar hangen nesa ta Lord Rosse. Tun daga nan sha'awar taurari ta kama shi.

Da ya koma gida, ya yi aiki a asibitin Bellevue, daga baya ya zama farfesa a jami'ar da mahaifinsa yake koyarwa. Da rana yana tare da majinyata da ɗalibai, da dare kuma yana ɗakin nazarin taurari da ya gina a Hastings-on-Hudson, inda yake goge madubansa da hannunsa. A 1867 ya auri Anna Palmer, wadda ta zama abokiyar aikinsa.

A 1872 ya rarraba hasken tauraron Vega zuwa launuka kamar na bakan gizo, ya ɗauki hotonsu, abin da ya share fagen gano sinadaran da ke cikin taurari.

Babban aikinsa ya zo ne a daren 30 ga Satumba na 1880, lokacin da ya auna na'urarsa kan gajimaren da ke cikin rukunin taurarin Orion, wanda Larabawa ke kira Jauza'u. Wannan gajimare tarin iskar gas ne da ƙura, inda ake haifar sababbin taurari, kuma haskensa yakan yi fiye da shekara 1,300 kafin ya iso duniya. Mai kallo daga gefen dajin Falgore, a Doguwa ko Tudun Wada, zai iya hango shi a daren sanyi idan hazo bai rufe sama ba, kamar ɗan tabon hayaƙi kusa da taurari uku da ke jere.

Wahalar ita ce hasken ba shi da ƙarfi, sama kuma ba ta tsayawa. Draper ya bar farantin gilashi yana tara haske har kimanin minti 50, na'urar tana bin gajimaren sannu a hankali. Wannan shi ne hoton gajimaren samaniya na farko a tarihi. A Maris na 1882 ya kai minti 137.

Bai daɗe bayan haka ba. Ya kamu da ciwon haƙarƙari bayan wata tafiyar farauta a tsaunukan Rocky, ya rasu ranar 20 ga Nuwamba na 1882, yana da shekara 45.

Matarsa ta ba cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Harvard kuɗi da kayan aikinsa. Da wannan tallafi aka wallafa kundin da ke ɗauke da sunansa tsakanin 1918 da 1924, mai bayanin taurari 225,300, wanda Annie Jump Cannon ta yi mafi yawan aikin tantance su.

A yau masu wannan sha'awa suna amfani da matatan haske da ke barin hasken sinadari ɗaya kawai ya wuce, kamar haidirojin ko oksijin. Sukan ɗauki hotuna masu yawa, su haɗa su a kwamfuta, su ba kowane sinadari launinsa. Kayan aikin sun sauya, amma haƙurin tara haske da Draper ya fara shi ne har yanzu tushen aikin.