Meena Kumari: Tauraruwar Da Sai Bayan Ranta Aka Sake Tunawa Da Ita

A filinmu na yau za mu leƙa ƙasar Indiya, wadda finafinanta suka daɗe da shiga zukatan jama'armu, mu ji tarihin wata 'yar wasa mai suna Meena Kumari.

An haife ta a birnin Bombay, watau Mumbai ta yanzu, ran 1 ga Agusta, 1933. Sunanta na yanka Mahjabeen Bano. Iyayenta talakawa ne, saboda haka tun ba ta san dama da hagu ba aka kai ta wurin masu shirya fim. Fim ɗinta na farko ya fito a 1939, tana 'yar shekara shida ko ƙasa da haka. Sa'anninta suna makaranta, ita kuwa tana gaban kyamara, da guminta ake cefane a gidansu.

Tauraruwarta ta haska a 1952 da fim ɗin Baiju Bawra. A 1954 da aka fara ba da kyautar Filmfare, ita ce mace ta farko da ta karɓi ta gwanar 'yan wasa. A bikin 1963 kuwa, gurabe uku aka keɓe wa mata masu takara, dukansu ita ta cike su, ta ci da Sahib Bibi Aur Ghulam. Ku duba irin wannan farin jini! Mutane sun so ta ne saboda iya nuna baƙin ciki, har suka naɗa ta sarauniyarsa. Hawayenta suke biya su kalla.

To, amma a gida fa? A 1952 ta auri mai shirya fim Kamal Amrohi a ɓoye, tana da shekara 18, shi kuwa yana da mata da 'ya'ya. Zama bai yi daɗi ba, suka rabu a 1964. Rashin barci da damuwa suka jefa ta cikin shan giya, giya ta lalata mata hanta, har aka kai ta Landan neman magani a 1968. Da ta komo, jiki ya canja, sababbin 'yan mata sun cika fage. Waɗanda suke tafa mata jiya suka koma tseguminta. A fim ɗin Mere Apne na 1971, tsohuwa aka sa ta fito, alhali ba ta kai arba'in ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Saura abin da ya fi ban tausayi. Akwai wani fim, Pakeezah, da ita da mijinta suka fara tun wajen 1956, rabuwarsu ta tsayar da shi. Ta daure ta ƙarasa shi cikin ciwo, har wasu raye-rayen wata ce ta yi a madadinta. Da ya fito a Fabrairun 1972, bai yi wata kasuwa ba. Ran 31 ga Maris na shekarar Allah Ya yi mata rasuwa, tana da shekara 38. Nan da nan gidajen silima suka cika maƙil, fim ɗin ya shiga cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar. Fim bai canja ba ko da ƙwayar zarra, jama'a ne suka juyo, ita kuwa tana kabari.

Ke 'yar'uwa, in kina da 'ya mai wata baiwa da mutane ke yabo, kada yabon ya ruɗe ki ki cire ta daga makaranta. Masu tafi ba sa jinya. Ilmi da sana'a da dangi na gari su ne za su tsaya mata ranar da 'yan kallo suka watse. Mu kuma masu kallo, mu riƙa tuna cewa yarinyar da muke ɗagawa yau, mu yar gobe, 'yar wasu ce.

Allah Ya jiƙan Mahjabeen, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sake saduwa.