TAƘAITACCEN TARIHIN LIKITA MILA DA MAGANAR FANSA

A cikin wannan littafi na bikin cikar ikkilisiyarmu shekara hamsin mun ga ya dace mu keɓe 'yan shafuka domin wani bawan Allah wanda bai taɓa yin sujada tare da mu a Babban Giji ba, gama ya huta tun kafin a kafa wannan ikkilisiya. Duk da haka babu ranar Lahadin da ba ma cin amfanin wahalarsa. In mai wa'azi ya tsaya ya ambaci ceto, ko tuba, ko gafara, ko fansa, muka kuma ji maganar ta shige mu da harshen da muka tashi da shi, to akwai hannun Likita Mila a ciki.

Sunansa na ainihi Walter Miller. An haife shi a garin Honiton ta ƙasar Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. domin aikin bishara a ƙasar Hausa. A lokacin ba shi yiwuwa Bature ya zauna a Kano ko Zariya ya koyi Hausa, sai aka aike shi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar zuwa Makka. Wannan yaro daga baya ya zama kamar ɗa a gare shi, ya kuma zama mataimakinsa a wajen harshe.

A shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, da nufin su kai bishara Kano. Suka ƙetare Kwara a Jebba, suka iso Zariya, inda Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci. Daga nan suka nufo Kano. Mu da muke ganin motocin Zariya suna shigowa ta Gyadi-Gyadi dare da rana, da wuya mu gane abin da tafiyar nan take a wancan zamani, da ƙafa da dawaki da 'yan alaro. Da suka iso, Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga ƙasarsa. In za mu faɗi gaskiya, Sarki yana da dalilinsa, domin a shekarar ce Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, su kuma baƙin sun shigo ba tare da an kira su ba. Suka juya suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya yi ciwo ya rasu, sauran kuma rashin lafiya ya warwatsa su. Ga idon mutum aikin ya mutu tun bai fara ba.

Mila ya koma gida, amma bai zauna ba. Ya sake dawowa Girku, a shekarar 1905 kuma ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta a gidansa. A cikin yaran farko da ya riƙe akwai waɗanda aka 'yanta daga bauta. A nan ne za mu ɗan tsaya, domin abin da ya sa muka zaɓi tarihinsa ke nan.

Ƙasar da Mila ya tarar ta san bauta ƙwarai. Ana kama mutane a yaƙi ko a hari, a kawo su kasuwa, har da Kasuwar Kurmi ta nan Kano. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Saboda haka kowa a lokacin ya san ma'anar fansa, ba sai an yi masa bayani ba. In aka kama wani, danginsa sukan tara kuɗin wuri, ɗan'uwa ya ɗauka ya bi gari gari yana cigiya har ya same shi, ya biya, ya komo da shi gida. Wanda aka fansa ba ya komawa gida a matsayin bara. Yana komawa ne a matsayinsa na dā, ɗa a gidan ubansa. Akwai kuma murgu, wato bawa ya riƙa yin sana'arsa yana biyan ubangidansa wani abu, in ya yi sa'a ya tara abin da zai fanshi kansa.

Da wannan kalma ce Littafi Mai Tsarki na Hausa ya bayyana aikin Yesu Almasihu. A cikin Markus sura 10 an nuna mana cewa ya zo ne domin ya ba da ransa ya fanshi mutane da yawa. Amma akwai bambanci guda wanda Mila da abokan aikinsa suka yi ta nanatawa, wanda mu ma bai kamata mu gaji da shi ba. Bawan mutum yana iya yin murgu har ya fanshi kansa, bawan zunubi kuwa ba shi da wannan hanya. Ko ya tara sadaka da azumi da zuwa sujada da baiko, ba za su kai kuɗin ba, domin abin da zunubi ya ɓata shi ne zumunci tsakanin mutum da Mahaliccinsa, wanda aka yi wa laifin kuma shi ne kaɗai yake da ikon yafewa. Abin mamakin bishara shi ne, wanda aka yi wa laifin shi ne ya zama ɗan'uwan da ya ɗauki kuɗin fansa ya fito cigiya. Haka Luka sura 15 ta koya mana da misalai uku. Makiyayi ne ya bi tunkiyar da ta ɓata, macen ce ta kunna fitila ta share ɗaki don neman kuɗinta, uban ne kuma ya hango ɗansa tun daga nesa ya ruga ya tarye shi. Tuba tana da wurinta, ba mu rage mata kome ba, gama ɗan nan ya tashi ya kama hanyar gida. Amma da ya iso da shirin a maishe shi ɗan ƙodago, uban bai saurari wannan ba, sai ya sa aka kawo riga da zobe da takalma.

Wannan koyarwa tana da daɗin ji a kan bagade. A cikin aiki kuwa Mila ya sha ɗacinta. Shekaru da yawa ya yi a Zariya, waɗanda suka karɓi baftisma ba su da yawa. Waɗansu sun bi na ɗan lokaci suka koma. Waɗansu kuma sun tsaya, amma danginsu suka rabu da su.

A shekarar 1913 wani abu ya faru wanda ya ƙarfafa shi. Waɗansu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Asalinsu almajiran Malam Ibrahim ne, wani malami na nan Kano a zamanin Sarki Abdullahi, wanda bincikensa ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. An kashe shi a Kano saboda wannan, almajiransa suka watsu, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Shekaru masu yawa suka riƙe ɗan hasken da suke da shi, ba littafi, ba mai koya musu. Ba Mila ne ya nemo su ba, bai ma san da zamansu ba. Wani ne ya riga shi fita cigiya. Da suka ji bishara filla-filla, da yawansu suka ba da gaskiya, aka kafa musu ƙauye a Gimi cikin ƙasar Zazzau, da majami'a da makaranta. Amma ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa garin. Mutane suka yi ta mutuwa, likita yana gani ba shi da maganin da zai tsai da abin. Daga baya dole aka tashi daga Gimi, aka kwashe waɗanda suka ragu da marayu zuwa Zariya.

Ba mu da amsar da za mu ba wanda ya tambaya don me Allah ya bar wannan ya faru, ba za mu kuma ƙaga wata ba. Abin da muka gani shi ne, daga cikin 'yan ragowar nan ne aka sami iyalan da suka riƙe Wusasa bayan mishan ya tashi daga birnin Zariya ya koma can a 1929. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, daga zuriyar Isawa ya fito. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, shi ma ɗan wannan jama'a ta mishan ɗin Zariya ne. Janar Yakubu Gowon kuma a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa ya yi karatunsa na farko.

Kada mu maishe da Mila mala'ika, domin in muka yi haka mun ɓata darasin. Mutum ne mai zafin rai da kaifin baki. Ya yi ta jayayya da jami'an mulkin Turawa, ya yi da sarakuna, abokan aikinsa na mishan ma ba kullum suke jin daɗin zama da shi ba. Yana da tsanani ga yaran da ya rena, ko da yake ƙaunarsa gare su ba a ɓoye take ba. Wani lokaci kuma ya dogara ga ikon Turawa fiye da yadda ya kamaci mai bishara, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauki bishara kamar kayan masu mulki, nauyin da har yau muke ɗauke da sauransa. Ba mu faɗi wannan don mu ci mutuncin wanda ya riga mu ba. Mun faɗa ne domin a san cewa mai kawo labarin fansa shi ma fansasshe ne, bukatarsa ga alherin Allah ba ta gaza ta yaran da ya ɗauko daga bauta ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma a Yohanna sura 21 shi aka danƙa wa kiwon tumaki.

A nan muna roƙon dattawa da zumuntar mata da matasa su yi mana haƙuri mu taɓa wani wuri mai ciwo. A cikin shekara hamsin ɗin nan, sunaye nawa ne ke cikin littafin baftismarmu waɗanda masu su suna nan da rai a Tarauni ko Unguwa Uku ko Darmanawa, amma ƙafarsu ta ɗauke daga cikinmu? Waɗansu an sa su a horo saboda laifin da suka yi, horon kuwa daidai ne, Littafi ya yarda da shi. Amma lokacin horo ya cika, ba wanda ya je ya ƙwanƙwasa ƙofarsu. Waɗansu sun dawo, sai suka tarar an yafe musu da baki, idanu kuwa ba su yafe ba. Yarinyar da ta yi ciki ta haihu, ɗan ya girma har ya shiga makaranta, amma har yanzu da wannan ake kwatanta ta. Manzo Bulus da kansa ya gargaɗi Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu su gafarta wa wanda aka hora su kuma ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A cikin misalin ɗan da ya ɓata akwai wa wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki, uban kuwa sai da ya fita ya lallashe shi shi ma.

Bari mu koma ga tarihinmu. Da mishan ya koma Wusasa, Mila bai zauna can ba. Ya taho Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya zauna a garin da aka sallame shi kusan shekara talatin da suka wuce. Sarki Alu kuwa ya riga ya rasu a Lakwaja a 1926, inda Turawa suka kai shi bayan sun ci Kano a 1903. A nan Mila ya duƙufa ga aikin da ya daɗe yana yi, wato juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ba shi kaɗai ya yi ba. Waɗansu sun riga shi, kamar J.F. Schön wanda ya fara juya waɗansu littattafan tun ƙarni na 19. Ma'aikatan S.I.M. da na S.U.M. sun sa hannu, haka kuma Hausawa masu bi waɗanda suka zauna da shi suna auna kalma ɗaya ɗaya, ko da yake ba a cika ambaton sunayensu ba. Amma shi ne ya ɗauki mafi nauyin kayan. A shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, da rubutun boko.

Littafin ya yi tafiyar da mai shi bai taɓa yi ba. Ya shiga ƙasar Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, ya ƙetare zuwa Maraɗi da Damagaram, ya shiga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina. Kabilu masu harsuna dabam dabam suka sami harshe ɗaya na sujada. In muka dubi bencinanmu ranar Lahadi za mu ga shaidar wannan, gama ba duka aka haife mu Hausawa ba, amma da Hausa muke furta zunubanmu tare.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, inda ya rubuta labarin aikinsa. Zaman can bai karɓe shi ba. A 1939 ya komo Nijeriya, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce, har a 1947 ya fitar da wani littafi yana sukar yadda Turawa 'yan'uwansa suke tafiyar da mulkin ƙasar. Bai taɓa aure ba, yaran da ya rena su ne iyalinsa. Ya yi barci cikin Ubangiji a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1952, yana da shekara 80. An yi sabuwar fassara bayansa wadda yawancinmu muke karantawa, amma a gidajen waɗansu tsofaffinmu har yanzu akwai tsohuwar, bangonta ya saɓule, an rubuta ranakun haihuwa da na baftismar 'ya'ya a shafin farko.