Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya zama attajirin Afirka ta Yamma

A ranar 17 ga watan Agusta na shekarar 1955 Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. A lokacin ana lissafa shi cikin mutanen da suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Ya tara wannan dukiya ne a zamanin da ciniki da ƙasashen waje ke hannun kamfanonin Turawa, banki na Turawa ne, jiragen ruwa nasu ne, dokar kasuwa ma su ke rubuta ta. Yadda ɗan ƙasa ya kutsa cikin wannan tsari har ya kafa gidan kasuwancin da ya haura shekara ɗari yana aiki, shi ne abin lura a tarihinsa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Alhassan a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne manyan rukunonin fataken da suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Fataucin wancan zamani aiki ne na haƙuri. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin tufafin rini da kayan fata, ya ratsa Nufe ko Yawuri da Bargu, yana yada zango yana biyan fito da kuɗin hanya ga sarakuna, har ya isa Salaga ko wata kasuwar goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Goro kuwa ba ya jure sakaci: sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace ana sake ganye, in ba haka ba a iso gida da asara. Wanda ya tashi a irin wannan gida yakan san lissafi da riƙon amana da halin mutanen ƙasashe tun yana ƙarami.

Madugu Abdullahi ya rasu wajen shekarar 1885, Alhassan yana da kimanin shekara takwas. Da aka raba gado tsakanin magada masu yawa, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta koma Akra, birnin da fatake ke kira Ankara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samu laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da ƙananan sana'o'i don ciyar da kansa. Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayari zuwa Akra ya ga mahaifiyarsa, ya ɗan zauna hannun wani malami a can, sannan ya komo gida.

Basasa da sabuwar hanya

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi amincewa. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya kai har 1895, ya ƙare da nasarar Yusufawa da hawan Sarki Alu. Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren Tukur, don haka suka ɗanɗana kuɗarsu. An kama Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da aka biya fansa suka kuɓuta.

Bayan ƙura ta lafa ya koma fataucin goro, amma bai tsaya kan hanyar iyaye da kakanni ba. Salaga ta riga ta durƙushe, tun bayan da Ingila ta karya ƙarfin Asante a 1874, sannan rikicin sarauta na 1892 ya ƙarasa ta. A gefe guda kuma jiragen ruwa masu tururi na kai da komowa tsakanin tasoshin gaɓar teku. Ɗantata ya gane cewa goron da zai yi watanni a bayan jaki zai iya isa Ikko cikin 'yan kwanaki ta ruwa. Wajen shekarar 1906 ya riga ya shiga sahun farko na Hausawan da ke ɗora kaya a jirgin ruwa tsakanin Akra da Sekondi da Ikko, daga nan a haura da su Arewa ta Badun. Ribar wannan hanya iri biyu ce: goro ya iso da sauran ɗanyensa, jari kuma ya juya sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ya ƙara da cinikin duwatsun wuya da sarƙoƙi da yadudduka na Turai. Da wannan jari ya koma birnin Kano da zama.

Jirgin ƙasa da gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso birnin a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Burin masu masaƙun Ingila shi ne jirgin ya riƙa kwaso musu auduga. Manoman Kano suka yi nasu lissafin: masaƙan gida na sayen auduga da farashin da Turawa ba su kai ba, gyaɗa kuwa ta dace da jigawa, ana haɗa ta da gero da dawa a gona ɗaya, in kasuwa ta ƙi kuma a ci ta a gida. A Turai masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi na neman man gyaɗa ruwa a jallo. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jirage, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin fataken goro. Saboda haka suka nemi attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su riƙa saya musu. A shekarar 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya zama wakilinsa na sayen gyaɗa. Wannan kamfani ne ya haɗu da wani a 1929 suka zama United Africa Company, wato UAC, Ɗantata ya ci gaba da zama babban mai kawo masa kaya.

Tsarin aikinsa ya ginu ne kan abin da ya gada daga fatauci. Yakan karɓi kuɗi daga kamfani ya haɗa da nasa, ya rarraba wa yaransa da wakilansa, su kuma su bazu cikin garuruwa da ƙauyuka, su ba 'yan baranda da manoma tun kafin kaka. Idan amfani ya zo, gyaɗa ta biyo hanyar da kuɗin suka bi, a jaki da raƙumi, daga baya a mota, har bakin sikeli. Babu takardar jingina a wannan ciniki. Dangantaka da sanayya da tsoron zubewar mutunci su ne jingina. Wanda ya fi yawan amintattun mutane shi ya fi tara kaya, wanda ya fi tara kaya shi kamfani ya fi ba kuɗi a kaka mai zuwa. Ɗantata ya shigo wannan ciniki a bayan wasu, amma zuwa 1922 ya zarce su Sharubutu da Agogo, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Bai saki goro don ya kama gyaɗa ba. Ya ci gaba da cinikin goro da shanu da yadi da hatsi, ya sayi filaye da gidaje. Amfanin haka ya fito fili bayan 1929, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, masu dogaro da ita kaɗai suka shiga halin ni-'yasu. A wannan shekara ta 1929 ne Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa da aka ɗauko a kan raƙuma 20, a zamanin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a ɗaka. Ajiyar ta zama shaida a idon banki da kamfanoni cewa mutum ne da za a yi babbar hulɗa da shi. A cikin shekarun 1920 kuma ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa wasu kuɗin aikin Hajji.

Kasuwar ta ci gaba da faɗaɗa da isar layin dogo Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, hanyar mota ta gabas kuma ta ratsa Potiskum, garin da Sarkin Fika ya mayar da fadarsa a 1924. Gyaɗar da ke kwararowa Kano ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran layi. Ana danganta wa Ɗantata fara tsara buhunan a siffar dala, wadda guda ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000. Dalar gyaɗa ta zama tambarin arzikin Arewa, ko da yake a ainihi shaida ce ta ƙarancin sufuri.

Katangar da ta rage

Duk da ƙarfinsa, akwai iyakar da aka yi masa. Riba mafi tsoka tana wajen fitar da kaya zuwa Turai, wannan kuwa yana hannun manyan kamfanoni da ke haɗa baki kan farashi da rabon kasuwa. A tsakiya kuma ga Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, waɗanda bankuna suka fi sakar wa bashi fiye da 'yan ƙasa. A ƙarshen shekarun 1930 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Tarabulus, Saul Raccah, ya ƙalubalanci haɗin bakin kamfanonin ta hanyar biyan farashi mai tsoka, amma ɓarkewar yaƙin duniya na biyu ta sauya komai. Gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba kaso bisa yawan abin da kowane kamfani ya saba fitarwa a baya. Wannan ƙa'ida ta rufe ƙofa ga duk wanda bai taɓa fitarwa ba. Ɗantata ya nemi izinin saye da fitarwa da kansa a 1940, aka hana shi.

Bayan yaƙi aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Najeriya a 1949, sannan ta Jihar Arewa a 1954. Hukuma ke yanka farashi, ita ke ba da lasisin saye. Sai a kakar 1953 zuwa 1954, da siyasar neman mulkin kai ta tilasta buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa, Ɗantata ya samu lasisin sayar wa hukuma kai tsaye ba tare da bi ta hannun UAC ba. Ya shafe kusan shekara 35 yana tara wa wani kamfani kaya kafin takarda ɗaya ta ba shi damar tsayawa da ƙafarsa. Ga masu tsara dokokin kasuwa a yau, wannan ya nuna yadda ƙa'idar da ke kama da adalci a takarda, irin ta fifita mai tsohon tarihi a harka, kan iya tsare wa manya wuri ta bar na ƙasa a waje.

Magada

Babbar jarrabawar gidan kasuwanci a ƙasar Hausa ita ce rasuwar mai gida. Da yawa daga attajiran zamaninsa, sunansu ya ɓace daga kasuwa da zarar an raba gado. Ɗantata, wanda ya ga abin da ya faru da dukiyar mahaifinsa, ya shirya wa wannan rana. Ya sa 'ya'yansa cikin aiki tun suna samari, ya tura su wakilci garuruwa, ya haɗa musu karatun addini da na zamani, ya kuma tattara harkokinsa ƙarƙashin kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyyar su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin ya wargaje.

Ahmadu ne ya fara jagorantar kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya karɓa ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da masana'antu da man fetur, har ya rasu a 2025. Mamuda ya yi fice a jigilar alhazai. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya zama babban mai lasisin sayen gyaɗa, 'yarsa Mariya kuma ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar kakan mahaifiyarsa.

Gyaɗar kanta ba ta daɗe ba. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gonaki a 1975, da karkatar gwamnati ga kuɗin man fetur, suka kawo ƙarshen dala, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Gidan Ɗantata bai faɗi tare da ita ba, domin tun zamanin mai gidan ba a san shi da haja ɗaya ba. Ya fara da goro a bayan jaki, ya koma jirgin ruwa da hanya ta sauya, ya kama gyaɗa da jirgin ƙasa ya iso, ya shiga banki tun sauran attajirai na ɗari-ɗari da shi, ya kuma bar magada da suka san aikin. Allah Ya jiƙansa da rahama.