Eric Liddell: Gwanin Gudu Da Ya Ƙi Tsere Ranar Lahadi

An haifi Eric Liddell ranar 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sikotlan, suke aikin mishan. Yana ɗan shekara 6 aka sa shi da wansa a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan. Can ne saurin ƙafarsa ya fara bayyana. Bayan ya shiga Jami'ar Edinburgh a 1920 domin karatun kimiyya, ba a jima ba ya zama gwanin gudu na ƙasar Sikotlan duka.

Me ya sa shi gudu? Ba kuɗi ba ne, gama a wancan zamani ba a biyan 'yan tseren Olamfik. Suna ma bai dame shi ba, shi da yake mutum mai kunya. Ya ɗauki saurinsa a matsayin baiwa daga wurin Ubangiji, wadda za a tambaye shi yadda ya yi da ita. A 1923 ɗalibai masu bishara suka roƙe shi ya yi magana a Armadale, garin masu haƙar kwal, domin sun san mazajen da ba za su zo jin fasto ba za su zo ganin mai gudu. Ya yarda. Tun daga ran nan gudunsa ya zama ƙofar shaidarsa.

Gwajin ya zo da wasannin Olamfik na 1924 a Paris. Tseren mita 100 shi ne nasa, amma aka sa zagayen farko ranar Lahadi. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya nuna kamar a hanyar zuwa Faransa ya ji labarin. Gaskiyar ita ce ya sani tun watanni kafin nan, ya janye, ya sha zargin waɗanda suka ce ya ba ƙasarsa kunya, ya koma koyon tseren mita 400. Gudunsa ba shi da kyan gani: kai a karkace baya, hannuwa suna ta kaɗawa. Duk da haka ranar 11 ga Yuli, daga layin waje inda ba ya ganin abokan tserensa, ya gama cikin daƙiƙa 47.6, ya ɗauki lambar zinariya. Ya riga ya sami ta tagulla a mita 200.

Shekara guda bayan haka, yana tsakiyar ƙarfinsa, ya koma Sin ya zama malamin makaranta a Tianjin. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie a 1934, daga baya ya koma aikin bishara a ƙauyukan Siaochang cikin hatsarin yaƙi. A 1941 ya aika matarsa, tana da juna biyu, da 'ya'yansu mata 2 zuwa Kanada, shi kuwa ya tsaya.

Sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien a 1943. Can ya koyar da yara kimiyya, ya ɗauki kaya wa tsofaffi, ya shirya wa matasa wasanni. Da farko ya ƙi alƙalancin wasa ranar Lahadi. Amma da yaran suka yi wasansu su kaɗai har ya ƙare da faɗa, sai ga shi a fili Lahadi ta gaba yana yi musu alƙalanci. Abin da bai yi domin zinariya ba, ya yi shi domin yaran da aka raba da iyayensu, kamar yadda aka raba shi da nasa.

Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da sansanin. Bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba.