James Joyce, Ɗalibin Harsuna

Malamai da yawa suna tsoron kada koyon baƙon harshe ya raunana wa yaro Turancinsa. To, bari mu duba tarihin James Joyce.

An haife shi a Dablin ta ƙasar Ailan cikin 1882. Yana yaro dukiyar ubansa ta lalace, amma ya daure da karatu har ya shiga jami'ar birninsu cikin 1898. A can ya haɗa Turanci da Faransanci da Italiyanci, ya sami digiri cikin 1902. Bai tsaya nan ba, sai da ya koya wa kansa harshen Norwe don ya karanta wasannin Ibsen yadda mai su ya rubuta. Yana da shekara 18 wata babbar mujallar Landan ta buga sharhinsa a kan Ibsen.

Cikin 1904 ya bar gida hannu wofi. Daga baya ya zauna Trieste, garin masu Italiyanci, yana koyar da Turanci, da haka ya ciyar da iyalinsa. Ga talauci, ga ciwon ido, amma bai ajiye alƙalami ba. Littafinsa Ulysses, wanda aka buga a Faris cikin 1922, labarin yini guda ne a Dablin, kuma masana suna lissafa shi cikin manyan littattafan Turanci. Ya rasu a Zurich cikin 1941.

Mun ga dai baƙin harsuna ba su dusashe Turancinsa ba, wasa shi suka yi. Malaman makaranta, sai mu lura.