William Seymour: Bawan Allah da Ya Riƙe Addu'a

An haifi William Seymour a Amurka a 1870, ɗan bayin da aka 'yanta. Cutar agana ta lalata masa ido ɗaya. A 1906 Ubangiji ya kawo babbar farkawa ta wurinsa a Titin Azusa, cikin birnin Los Angeles. Jaridu suka yi ta ba'a, wasu masu wa'azi kuma suka nemi ƙwace shugabancin. Duk wannan bai ɗauke hankalinsa ba. Yakan sunkuyar da kai cikin akwatin katako a gaban taro yana addu'a. Daga wannan ƙaramin ɗakin sujada masu bishara suka tafi Afirka, Indiya da Sin. Ya rasu a 1922.

'Yan'uwa, kada surutun duniya ya raba ikkilisiyarmu da addu'a da shelar bishara.