Leon Theremin: Maƙerin kayan kiɗan da ba a taɓawa, wanda ya dasa kunne a gidan jakadan Amurka

Ga kunnen da ya tashi da kalangu da ganga, kiɗan da babu bugu a cikinsa abin mamaki ne. Amma akwai masu kwana suna sauraron irinsa: sauti mai duhu da na'ura ke ja kamar iskar hunturu, babu waƙa, babu rawa. Wanda ya bi salsalar wannan sauti zai ci karo da sunan Lev Termen, ɗan Rasha da Turawan Yamma suka sani da Leon Theremin.

An haife shi a St. Petersburg a 1896. Ya karanci kimiyyar lissafi da lantarki, ya kuma iya goga cello. A 1920, yana gwajin wata na'urar auna iskar gas, ya lura cewa ƙarar da take fitarwa tana sauyawa idan hannunsa ya matso. Daga nan ya ƙera akwati mai eriya biyu: hannun dama na ɗaga murya ko sauke ta, na hagu na ƙara ƙarfinta ko rage shi, ba tare da an taɓa komai ba. Sautin ya fi kusa da kukan goge, sai dai ba ya tsayawa numfashi.

A 1922 ya kaɗa wa Lenin, gwamnati kuma ta ga abin tallata kanta. A ƙarshen 1927 ya isa New York, kamfanin RCA ya fara sayar da na'urar a 1929. Can ya auri Lavinia Williams, baƙar fata mai sana'ar rawa, auren da ya raba shi da abokai da dama a Amurkar wancan zamani.

A 1938 ya ɓace. Matarsa ta yi imanin cewa sace shi aka yi, amma binciken marubucin tarihinsa Albert Glinsky ya nuna cewa da ƙafarsa ya tafi, bashi da haraji sun yi masa katutu. Ko ma wanne ne, gida bai yi masa maraba ba. A 1939 aka kama shi, aka tura shi aikin bauta a Kolyma, sannan aka mayar da shi wani kurkuku na musamman inda ake tsare masana suna yi wa hukuma aiki.

A nan ne basirar da ta haifi kiɗa ta koma ta leƙen asiri. A watan Agustan 1945, wasu yaran Sobiyet suka bai wa jakadan Amurka, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako. A cikinsa akwai wata 'yar na'urar Theremin wadda ba ta da batir, ba ta da waya. Tana nan shiru sai an harbo mata igiyar rediyo daga waje, sannan muryoyin cikin ɗaki su girgiza wani siririn faifai, igiyar ta koma ɗauke da zancen. Shekara bakwai tana rataye kafin a gano ta a 1952, kuma sai a 1960 Amurka ta nuna ta a Majalisar Ɗinkin Duniya. 'Yan Najeriya da ke tuna kwangilar dala miliyan 40 da aka fallasa a 2013, wadda gwamnatin Jonathan ta bai wa kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan intanet, za su gane jikan wannan tambari.

An sake shi a 1947, shekarar da aka ba shi lambar yabo ta Stalin. Da wuya a ce ko shi wanda aka zalunta ne ko abokin aikin azzalumai, domin bayan sakinsa ya ci gaba da yi wa hukumar tsaro aiki na tsawon shekaru.

Yayin da da yawa a Yamma suka ɗauka ya mutu, na'urarsa tana firgita masu kallo a finafinan Hollywood, kuma wani matashi mai suna Robert Moog ya fara da harhaɗa irinta kafin ya ƙera nasa injin sautin. A 1967 jaridar New York Times ta gano shi a makarantar kiɗa ta Mosko. Bayan rahoton aka rufe ɗakin gwajinsa, aka watsar da kayansa.

Lavinia ta rasu a Haiti a 1989 ba su sake haɗuwa ba. A 1991, Tarayyar Sobiyet na gab da rushewa, ya karɓi katin Jam'iyyar Kwaminis. Ya mutu a Mosko ranar 3 ga Nuwamba, 1993, yana da shekara 97.